Tambayar Da Na Ɗauko Daga Ankara

Tun da na dawo daga ƙasar Gana ba ku bar ni na sha ruwa ba. In na zauna a ƙofar makaranta, Malam Habu ya ce sai na ba shi labarin teku. In na fito daga masallaci, wani ya tare ni, wai da gaske ne a can mata ke riƙe da kasuwa, maza na yi musu dako? Na faɗa, na maimaita, har bakina ya yi tsami. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Akwai kuma abin da bakina ba zai iya faɗa a gabanku ba, alƙalami kuwa ba ruwansa da kunya.

Kun dai san En'e ce ta ba ni izini na ajiye alli, na tafi jami'ar da ke bayan Ankara, babban birnin Gana, karatun digiri na biyu, ina binciken tarihin fataucin goro. Abin da ba mu taɓa zancensa da ku ba shi ne na bar mai ɗakina da ciki. Na farko da ta samu ya zube, ita kanta da ƙyar aka sha kanta. Shi ya sa wannan karon tun da wuri iyayenta suka ɗauke ta zuwa Roni goyon ciki. Baffa yakan aiko mini da gaisuwa, amma kun san Baffa. Zai gaya maka farashin gero da lafiyar saniyarsa, ba zai taɓa ambaton surukarsa ba.

Ƙarshen zangon karatu a can ba wasa ba ne. Malaminmu wani Bature ne mai lafiyar baki, ba ya faɗa, ba ya tsawa, sai dai ya dawo maka da aikinka ya ce, "Da kyau ƙwarai, amma wa ya gaya maka?" Duk abin da ka rubuta sai ka kawo wanda ya gaya maka. Na ce a raina, wannan da a Kazaure yake da an daina hira da shi. Ranar da na miƙa masa aikin ƙarshe ya karanta a gabana, ya cire tabarau, ya ce in je in huta, mu haɗu bayan hutu. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na ce yau sai na sha koko da ƙosai na gaske, na kama hanyar zango.

Zango unguwar Hausawa ce, kuma nan nake zuwa neman tsofaffin fatake su ba ni labari. Mutanen kirki ne, amma Hausarsu sai ka yi haƙuri. Yawancinsu a can aka haife su, kuma a bakinsu mace da namiji duk "ya" ne. Ranar da na fara jin dattijo da gemunsa ya ce "matana ya tafi kasuwa", sai da na ciji leɓe. Ashe wannan abin dariyar shi zai hana ni sukuni.

Ina cikin shan koko sai ga Alhaji Ɗanjuma, wani mai goro da na saba da shi.

"Malam, da ma kai nake nema. An ce in gaya maka, a gidanku ya sauka."

Na ajiye ludayi. "Wa ya sauka, Alhaji?"

"Oho. Ni ma wani mai shanu ne ya gaya mini a Kumasi. Ya ce a gaya wa malamin Kazaure, ya sauka."

"Lafiya dai aka sauka?"

"Wannan kam bai ce ba."

To ku duba mini. In mai ɗakina ce, "ta sauka" aka ce, bakin mutanen zango ya mayar da ita namiji. In kuma ƙanena Sule ne, wanda na bari yana dab da sauke Alƙur'ani, to maganar ta yi daidai da shi ma. Ko ma wani baƙo ne ya sauka a gidanmu, wa ya sani? Kuma in ita ce, me ya hana a ce "lafiya"? Mutuminmu ba ya aika saƙon haihuwa ya manta da "lafiya", sai in babu ita. Kokon nan ban ƙarasa shi ba.

Abokin ɗakina a jami'a Kwabena sunansa, mutumin Kumasi. Yana da ɗa guda, hoton yaron na kan teburinsa, kuma duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, ya gaya masa sunansa da ranar da ya fara haƙori. In matarsa ta kawo ziyara, ya saɓa yaron a wuya ya zaga da shi makaranta, gaban malamai, gaban kowa. Da farko ni nake jin kunya a madadinsa. Da na ba shi labarin saƙon, ya dube ni kamar na zautu.

"Gidan waya na nan kusa. Buga wa babanka, ka ce matata ta haihu? Me ta haifa? Shi ke nan!"

Na ce, "In tambayi Baffa zancen ɗan fari?"

"To ba jikansa ba ne?"

Na yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi cewa a wurinmu ɗan fari ba a kallonsa a gaban manya, ba a kiran sunansa, balle ka buɗe baki ka tambayi mahaifinka. Na gaya masa ni kaina ɗan fari ne, kuma har yau Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ya ce to ba ta sona ke nan? Raina ya ɓaci, na ce masa ta fi uwarsa son ɗanta, na haɗa kayana. Da safe shi ya ɗaukar mini akwati har tasha, muka rabu muna dariya, ya ce in gai da wanda ba a faɗar sunansa.

Motar da na samu zuwa iyakar Togo irin mai bencin katako ce, cike da matan kasuwa. Waɗannan mata, in ka ga yadda suke juya direba, sai ka tausaya masa. Wadda ke kusa da ni ta fi ni faɗi sau biyu, ta ajiye wani kwando a kan ƙafata ba ko sannu. Muna cikin tafiya na ji wani abu ya kama mini babban yatsa. Na leƙa, sai ga ƙaguwa, da ranta, ta fito daga kwandon ta riƙe ni gam. Na yi salati da ƙarfi, motar duka ta ɗauki dariya. Matar ta sunkuya ta cire ta kamar mai cire ƙaya, ta mayar kwando, sannan don ta ba ni haƙuri ta ɓare mini dokunu, wato wani tuwon masara mai tsami da ake dafawa cikin ganye, ta haɗa mini da soyayyen kifi da barkono. Na daɗe ina gudun dokunu a makaranta, amma ran nan na ci, don yunwa ba ta san baƙon abinci ba.

Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta tambaye ni ina da mata, na ce e. Ta ce, "Yara nawa?" In ce babu, ina tsoron bakina. In ce ɗaya, ban sani ba. Sai na ce mata barkonon nan da zafi yake.

A iyaka aka sauke mu duka. Wani jandarma ya karɓi fasfona ya tambayi sana'ata, na ce ɗalibi. Ya dubi gemuna, ya dubi babbar rigata, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga ɗalibi. Suka yi ta Faransanci suna dariya, ni kuwa ina tsaye ina murmushin dole. Da suka gaji suka buga hatimi. Muka sake mota, kuma ba wanda ya gargaɗe ni cewa a ƙasashen rainon Faransa ta hannun dama ake tuƙi, ba ta hagu ba irin tamu da ta Gana. Ina ganin direba ya koma ɗaya gefen, ga babbar mota ta taho, na dafe benci na fara kalmar shahada. Wani tsoho a bayana ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, ajiye ta tukuna, nan haka suke yi."

A Kwatano na kwana, a gidan wani mai masauki Bagobiri da aka nuna mini a zangon garin. Wannan al'ada tamu Allah ya raya ta: ka shiga garin da ba ka san kowa ba, ka ce kai baƙo ne, a ba ka tabarma da buta. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ce kukar daga gida ake kawo masa. Loma ta farko sai da idona ya kawo ruwa. Da safe kuma aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, in ka gutsura sai dasashinka ya gaya maka. Kafin mota ta tashi na leƙa kasuwa na sayi turmin atamfa. A rumfar na ga wata 'yar rigar jarirai, na ɗauka, na juya ta, mai rumfa ta fara yi mini ciniki da sefa. Sai na ji gabana ya faɗi, na ajiye na fita da sauri, tana kirana ban waiwaya ba.

Ikko ba abin da zan ce muku a kanta sai hayaniya. Na kutsa na sami jirgin ƙasa mai zuwa Kano, na shiga na zauna. Ban gama gyara akwati ba na ji an ce, "Wa nake gani kamar Umaru ɗan Malam?" Na ɗaga kai, sai ga Alhaji Bawa na Ɓaɓura, mai fataucin shanu, abokin Baffa tun suna samari. Ya kawo shanu ya sayar, zai koma. Na durƙusa na gaishe shi, zuciyata na cewa Allah ya kawo mai labari. Sai daga baya na tuna, shi ma ai uba ne. Abin da ba zan iya tambayar Baffa ba, ba zan iya tambayarsa ba.

Na bi ta bayan gida. "Baba Alhaji, ka biya ta Kazaure kafin ka taho?"

"Na biya mana. Har na ci tuwo a gidanku."

"Duk suna lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

Kun san "lafiya ƙalau" tamu. Mutum na kan gargara ma ita ake faɗa. Ya ba ni labarin tsadar dusa, da ciwon da ya kama shanu a wajen Kanya Babba, da rigimar wani dillali a Ikko. Muna wuce Badun ya ce, "Af, ka ji ƙanenka Sule ya sauke? An yi walima, na sha kunu har na gode Allah."

Na ce madalla, Allah ya sa albarka. Ashe saƙon na Sule ne. Ke nan game da ita ban san komai ba, ga shi lokacinta ya riga ya wuce. Muka ƙetare gadar Jabba. Can Alhaji Bawa ya ɓare goro ya ce, kamar mai magana da taga, "Mutanen Roni kuma na ji an taru a gidan surukanka. Ni dai ban samu zuwa ba, shanu sun riƙe ni." Ya jefa goro a baki, ya gyara rawani ya rufe ido.

An taru. Suna taro ne, jana'iza ma taro ce. Kuma na san dattijo irinsa ba zai yi wa yaro barka da ɗan fari ba, ba kuma zai gaya wa matafiyi mutuwa a kan hanya ba. Ta kowace fuska shirunsa daidai ne. Wallahi a jirgin nan na ji haushin Alhaji Bawa, na ji haushin kaina, na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro kunya. Na tuna Kwabena da gidan wayarsa, na ce wataƙila shi ne mai hankali. Amma ko da na juya na dubi dattijon, na haɗa tambayar a bakina, sai harshena ya ƙi. A Kano muka rabu, ya ce in gai da Malam.

Motar Daura na hau. An yi ruwa mai yawa, bayan Ɗambatta muka kafe a taɓo, kowa ya sauko turi, mai digiri da mai kaji duk ɗaya. Na iso Kazaure da hantsi, rigata kamar na yi kokawa da ginin tukwane. Na sa rai zan gamu da ɗayanku a tasha, don aboki shi ke faɗa maka abin da manya ba za su faɗa ba. Ina! Gari wayam, kowa ya tafi gona. Ku da kuke damuna da tambaya yanzu, ranar da nake neman mai ba ni labari ko ɗayanku ban gani ba.

Baffa na zaure yana karatu. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi malamaina. Na shiga wurin Inna, ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce wa bango, "An iso?" Na ce an iso. Na duba fuskarta ko zan ga wani abu, ban ga komai ba. Na dawo zaure, Baffa ya ce, "Ka yi wanka ka ci abinci tukuna." Irin haka ake yi wa wanda za a gaya wa mutuwa, a bari ya ci ya huta. Na tura tuwon nan ban san ɗanɗanonsa ba. Da na wanke hannu ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga littafi ba, "Ga keke nan. Ka je Roni ka gaishe su."

Ban san yadda na yi hanyar nan ba. Na dai san sarƙa ta zame mini a wani hawa, na mayar da ita. Na shiga Roni bayan la'asar. Tun kafin in kai ƙofar gidan na hango hayaƙi na tashi daga bayan katanga. Da na matso sai na ga ruwa na fitowa ta rariya, yana tururi, da ganyen darbejiya a cikinsa. Ruwan wankan jego. Na sauka daga keke na tsaya ina kallonsa. Matacciya ba ta wankan jego. Tana nan da ranta. Ban taɓa zaton ruwan rariya zai yi mini kyan gani ba, amma ran nan na daɗe a kansa ina hamdala. Saura abu guda, don ko abin da aka haifa bai zauna ba, mai jego sai ta yi wankanta.

Na yi sallama na zauna a zaure. Surukina ya tafi gona. Can sai ga Inna Wuro, kakar mai ɗakina, wadda muke wasa da ita, ta fito tana ɗingishi da wani ƙunshin zane a hannu.

"A'a, mutanen Gwanja! Ina gorona? Ko karatun ne ya cinye kuɗin?"

"Goronki na akwati, Inna. Mun same ku lafiya?"

"Da ba lafiya ba ka gan ni? Kai, riƙe mini wannan kayan, zanena zai kwance."

Ta dangwara mini ƙunshin a cinya. Da ɗumi. Ya motsa. Na buɗe gefen zanen, sai ga fuska kamar tafin hannuna, an sa mata kwalli, ido a rufe, baki na tsotson iska.

"Riƙe mini angona da kyau," in ji ta. "Dubi yadda ya riƙe shi kamar an ba shi tulu. Wannan bokon dai bai yi rana ba."

Daga can cikin gida na ji wata dariya ƙasa-ƙasa, wadda ko cikin kasuwa na ji ta zan gane mai ita. Duk abin da na ɗauko tun daga Ankara ya sauka daga ƙirjina lokaci guda. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Sai na ji gyaran murya a waje. Surukina ne ya dawo. Na miƙa wa Inna Wuro yaron da sauri, ina cewa, "Karɓi, Inna, karɓi!" Tsohuwar nan ta dube ni, ta kama bakin zanenta da hannu biyu, ta juya ta shige gida abinta. Ga ni zaune a zauren surukai, da ɗan fari a cinya, ba inda zan ajiye shi.

Ya yi sallama ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya gan ni, ya ga abin da ke hannuna. Na sunkuyar da kai, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi kuwa sai ya jingine fartanya, ya ja buzunsa zuwa bakin ƙofa, ya zauna ya ba ni baya, fuskarsa na kallon waje.

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Madalla. Bana kam ruwa ya yi mana gyara."

Kun san mutumin nan, ba ya haɗa magana uku a jere. Ran nan sai da ya ba ni labarin damina tun daga ruwan farko, wa ya yi shuka da wuri, wa ya yi biyu, gonar wa ruwa ya kwanta a ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na mutanen Gwiwa. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina ta cewa "haka ne, Baffa", ban ji ko kalma ba, yaron ya kama yatsana ya riƙe. Haka muka zauna har aka kira magariba.